Don Allah yaushe ake sa "had" a Turanci?

Ummi SS3: Assalamu alaikum 'yan uwa, ina shirin WAEC ne kuma past perfect ɗin nan ya hana ni sakat. Na rubuta "I had gone to the market yesterday" malaminmu ya ja jan biro ya ce "went" ne daidai, to ni a sanina duk abin da ya daɗe da wucewa shi ake sa wa had, wanda bai jima ba kuma simple past, ko ba haka ba ne?

Malam Sabo: Wa alaikumus salam ƙanwata. Daɗewa ba ta shigo ciki ba sam, ai "Nigeria became independent in 1960" ake cewa, shekara sama da 60 amma simple past ne. Had tana zuwa ne in abu biyu sun wuce kuma kina so ki nuna wanda ya riga ɗan uwansa. Duba nan, "When I got to the park, the bus left", wato kina isa tasha motar ta tashi a kan idonki, amma "the bus had left" kin tarar babu ita, ta riga ta tafi tun kafin ki zo. To jimlarki abu ɗaya ne kawai, zuwa kasuwa, babu na biyun da za a auna shi da shi, shi ya sa malaminku ya yi gaskiya.

Maman Hanif: Ni abin da nake koya wa yarana, su faɗi maganar da Hausa tukuna, in "riga" ta zauna daram a ciki to yawanci had ce, in ba ta zauna ba su bar ta. Kuma don Allah ki kula da aikatau ɗin da ke bin ta, "had gone" ne, "had eaten", "had written", wallahi "had went" ɗin nan ya yi yawa a Facebook har wasu sun ɗauka daidai ne.

Ummi SS3: Na gode sosai Malam da Anti, Allah ya saka. Amma na ga wani littafi ya ce "After he ate, he slept" babu had kuma abu biyu ne, kuskure ne?

Malam Sabo: Ba kuskure ba ne, after da before sun riga sun faɗa miki wanda ya fara, so ko kin sa ko ba ki sa ba duk ya yi, sai dai a objective in an ba ki "had eaten" cikin zaɓi galibi ita suke nema. Inda babu makawa shi ne maganar "da na sani", "If I had known, I would have come", nan in kika sa "knew" sun ci makinki. Haka in jimla ta fara da "By the time we arrived", galibi ɓangare na biyu had yake jira, "the exam had started".