"Tauraruwa mai wutsiya, ganinki ba alheri ba": ta dace a bakin mai bi?

Mai Kallon Sama: Salama a gare ku 'yan'uwa. Kowa ya san wanda ake jifa da karin maganar nan: mutumin da ba ya leƙowa sai da mugun labari. Tushenta ne ya dame ni. Zabura 19 ta ce sammai suna shelar ɗaukakar Allah. To ta yaya ganin aikin hannunsa zai zama ba alheri ba?

Baba Dattijo: Ɗana, kada ka ɗora wa karin magana kayan da ba nata ba. Mai faɗinta yau ba sama yake kallo ba, mai bin sa bashi ya hango tafe. Wa ya ce aƙida ce?

Malamar Lahadi: Baba, a gafarce ni, amma waɗanda suka fara faɗinta da gaske suke. Kuma ba su kaɗai ba. Da tauraruwa mai wutsiya ta bayyana a Ingila a 1066, mutane sun ɗauke ta alamar masifa, aka kashe Sarki Harold a yaƙi a shekarar, sai camfin ya ƙara samun gindin zama. Irmiya 10:2 kuwa ya ja kunne kada mu firgita da alamun sama kamar yadda al'ummai ke yi. Damuwata yara ce. Wanda ya tashi yana jin wannan magana, ranar da ya ga wutsiyar nan ɗaki zai ruga, ba zai tsaya ya yabi Mahalicci ba.

Ɗalibin Kimiyya: Mama ta taɓo inda nake so. Abin nan dunƙulen ƙanƙara ne da ƙura, yana zagaya rana. In ya matso kusa da ita sai zafi ya sa ya yi tururi, iskar da ke fitowa daga rana ta kora tururin baya, shi ya sa wutsiyar kullum take nuna sashen da ke nesa da rana, ko abin yana tahowa ko yana komawa. Wadda aka gani a 1066 ɗin ma ita ce masanin taurari Edmond Halley ya yi lissafinta a 1705, ya ce za ta dawo wajen 1758. Ya rasu a 1742, ita kuwa ta cika alkawari. Kusan duk shekara 76 take zuwa: 1910, 1986, saura 2061. Abin da ake iya rubuta lokacin zuwansa tun kafin a haifi masu ganinsa, labarin mutuwar wane sarki ya kawo? Ni tsari nake gani, irin wanda Ishaya 40:26 ya faɗa, cewa Allah yana fito da rundunar taurari bisa ga lissafi.

'Yar Mawaƙa: Kada dai mu zarce. Luka 21:25 fa? Ubangiji da bakinsa ya ce za a ga alamu a rana da wata da taurari.

Malamar Lahadi: Gaskiyarki 'yar'uwa, amma karanta har aya 28. Umarnin shi ne mu ɗaga kai, fansarmu ta yi kusa. Sannan masanan gabas a Matiyu 2, tauraro suka bi har suka sami Yesu, kuma da suka gan shi murna suka yi ƙwarai. Origen, malamin ikkilisiya na ƙarni na 3, har yana ganin irin mai wutsiyar ne, ko da yake Nassi bai faɗi haka ba.

Mai Kallon Sama: Ke nan mu daina faɗinta?

Baba Dattijo: Ni ban daina ba. Na yarda a gaya wa yara halittar Allah ce, a fitar da su waje su kalla. Na ga ta 1997, Hale-Bopp, wata da watanni tana rataye a sama, ban taɓa ganin abu mai kyanta ba. Amma in mai tsegumi ya doso ni, wace magana ce ta fi wannan dacewa da shi? Ku kawo mini madadinta tukuna.

'Yar Mawaƙa: Baba, ai a nan ma akwai magana. Kiran ɗan'uwa mugun gani fa, shi ya halatta?