Neman kalma: me za mu kira "reloading" na masu harbi a Amurka?

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamai. Gobe da safe za a naɗi wani rahoto da aka ba ni in fassara, kan Amurkawan da ke da sha'awar abin da suke kira reloading. Ba sake ɗura wa bindiga harsashi ba ne. Mutum ya je filin harbi ya gama, ya tsince kwansunan da bindiga ta tofar, ya koma gida ya wanke su, ya matse su a wata na'urar hannu da ke ɗaure a jikin tebur har su koma girmansu na asali, ya zuba sabon albarushi ya ɗora sabon kai. Wasu don sauƙin kuɗi suke yi, wasu don su samu wanda ya fi na kanti saiti. Gajeruwar kalma nake so, don kusan kowace jimla sai ta fito.

Ɗan Maharba: Wa alaikumus salam Hajiya. Ɗuri mana. Mu da bindigar toka haka muke cewa: a zuba albarushi ta baki, a danna da tsinke, a bi da dalma. "Sake ɗuri", shi ke nan.

Mai Fassara: Baba, shi na fara rubutawa na goge. Duk wanda ya ji "sake ɗuri" bindiga zai hango. A nan bindigar tana can a ajiye, kwanson ake wa ɗurin.

Na Zariya: Haɗa harsashi a gida. Ko ƙera harsashi.

Lauyan Unguwa: Don Allah kar a saka "ƙera". A ƙasar nan in an ji "masu ƙera harsashi a gida" a rediyo, holen masu laifi ake tunawa. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana yin bindiga ko harsashi ba da izini ba, wannan aikin irin na DICON ne, kamfanin ƙera makamai na gwamnati da aka kafa a Kaduna a 1964. A Amurka kuwa dokar tarayya ba ta neman lasisi daga wanda ke yi don amfanin kansa, sai in sayarwa zai yi. Kuma ai ba ƙera komai suke ba. Albarushin da kan da ɗan abin da ke kunna wutar duk saye suke yi.

Malamin Nahawu: Duk kuna zagaye-zagaye. Abin nan sana'a ce, ko mai kama da sana'a, kuma Hausa na da hanyar raɗa wa sana'a suna: dukanci, wanzanci, dillanci. Jigon aikin kwanso ne. Saboda haka: kwansanci. Kalma ɗaya tak, ba aro, ba jan magana. Mai yi kuma bakwanshe, jam'i kwansawa.

Na Zariya: Bakwanshe! Malam, wace ƙaramar hukuma suke?

Malamin Nahawu: Dariya ba hujja ba ce, ƙanena.

Uwar Ɗalibai: Allah ya gafarta Malam, misalan nan naka duk daga sunan mutum aka ciro su: baduku, wanzami, dillali. Kwanso ba mutum ba ne. Ni da na karanta sai na ɗauka yaren wata ƙabila ne, kamar Nufanci.

Malamin Nahawu: To kasuwanci fa, Malama? Kasuwa mutum ce?

Uwar Ɗalibai: Na ba ka wannan. Amma kasuwanci ba a allo aka haife shi ba.

Tsohon Soja: Ku dakata, akwai matsalar da ta riga wannan. Hausa harsashi ɗaya gare ta, alhali abu huɗu ne a haɗe. Akwai kwanso, na tagulla, kashi 70 jan ƙarfe kashi 30 tutiya, shi ya sa yake buɗewa in an harba kuma ya yarda a sake matse shi. Akwai albarushi. Akwai kan da ke fita ya tafi. Sai ɗan ƙaramin abu kamar maɓalli a gindin kwanson, wanda in an ja kunama ƙarfe ya doke shi ya ba da wuta. Shi ne primer. In ba ki raba waɗannan ba, Hajiya, mai sauraro zai ji an ce an harba harsashi kuma an tsince harsashi, ya rasa gane wanne.

Mai Fassara: Yallaɓai ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Rahoton ma ya daɗe a kan primer ɗin, wai a 2020 da 2021 ya yi ƙarancin da mutane suka jingine na'urorinsu.

Tsohon Soja: Haka ne, kuma iri biyu ne. Akwai na Boxer, wani kanar na Ingila, mai huda ɗaya a tsakiyar gindin kwanso, wanda ake ture tsohon da tsinke cikin sauƙi. Akwai na Berdan, Ba'amurke, mai hudoji a gefe, ciro shi wahala. Abin dariya, Amurkawa na Baturen Ingila suka riƙe, na ɗan ƙasarsu kuma ya fi yawa a Turai da Rasha. Shi ya sa kwansunan ƙarfe na Rasha yawanci a filin ake barinsu, ba mai sunkuyawa.

Ɗan Maharba: Wannan ai ƙyastu ne. Aikinsu ɗaya, a doka wuta ta tashi.

Uwar Ɗalibai: Ƙyastun harsashi. Wallahi ya zauna.

Na Zariya: Yaran yanzu sun san ƙyastu kuwa? Ku ce firaima kawai mu wuce.

Malamin Nahawu: Ga irinta nan. Da an ɗan sha wuya sai a ruga a aro na Bature a shafa masa mai. Haka 'yan rediyo suka cika mana kunne da kalmomin da ba su da uwa ba su da uba, mu kuma a aji a bar mu da gyara.

Ɗan Jarida: Malam, a yi mana adalci. Kalmomi nawa aka ƙirƙira a tarukan jami'a suka mutu a cikin takarda? Wadda ta rayu ita ce wadda mai shayi ya ji a labaran safe ya maimaita da rana. Kuma tun da batun aro ne: bindiga, harsashi, albarushi, wanne ne kakanninmu suka raɗa? Duk daga Larabci suke. Harsashin ma asalinsa sunan dalma ne a can.

Malamin Nahawu: Aron da ya shekara ɗaruruwa ya zama ɗan gida. Ba ɗaya yake da na daren jiya ba.

Ɗan Jarida: Shi ma ranar da ya iso baƙo ne.

Mutumin Damagaram: Ku dai ku tuna ana jin ku a ƙetaren iyaka. In kun ce firaima, mu nan da boko na Faransanci ba mu san inda kuka dosa ba. Ƙyastu kuwa har kakata ta sani.

Malamin Nahawu: Madalla da mutumin Damagaram. To ka faɗa musu kwansanci ma ka gane.

Mutumin Damagaram: A'a Malam, wannan ban gane ba.

Mai Fassara: Jama'a an kira isha'i, ni kuma ko rabi ban kai ba. Akwai wurin da mutumin ke auna albarushi da grain, yana cewa in aka zarce ma'aunin da littafin kamfani ya bayar bindiga na iya fashewa a hannun mai ita. Ƙwaya zan ce?

Tsohon Soja: Kar ki ce ƙwaya, za a ɗauka ƙirga ƙwayoyin albarushin ake yi. Ma'aunin nauyi ne, 7,000 ke yin laba ɗaya, wato guda 15 da ɗoriya ne giram ɗaya. Ki ce giren, ki bayyana sau ɗaya.

Malamin Nahawu: Wani aron kuma.

Uwar Ɗalibai: Mu koma kan babbar. Baba ya ce ɗuri, Hajiya ta ce kwanso ake wa ɗurin. To a haɗa: ɗurin kwanso. Masu ɗurin kwanso. Ba a ce ƙera ba, ba a ce bindiga ba.

Na Zariya: Kamar ana maganar ɗurin gyaɗa a buhu.

Ɗan Maharba: Ni dai ɗurina ya shiga, ba ni da ta cewa.

Mai Fassara: Na ɗauki ɗurin kwanso, da jimla ɗaya ta bayani a farkon rahoto. Ƙyastu ya shiga, giren ya shiga. Na'urar da ake matsewa da ita, irin ta kamfanonin RCBS da Lee da Dillon, na sa "injin matsa kwanso" tun da ba wanda ya tanka mata. Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci.

Malamin Nahawu: Kalma biyu a inda ɗaya ta wadatar. Ba komai, Hajiya, rahotonki ne. Ni dai a ajina kwansanci zan rubuta. Kuma wannan "injin" naki ba ya aiki da mai ba ya aiki da wuta, hannu ake ja. Mamatsi ya kamata.

Mai Fassara: Na riga na tura wa edita, Malam.