Ɗaliba 'yar Polan ta maƙale a matakin Turanci na B2, ta ina za a ɓullo wa manyan kalmomin Turanci?

Baƙon Lublin:
Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga masu koyar da Turanci, musamman waɗanda suka san 'yan Polan. Ɗaliba ce ta ci matura, wato jarrabawar gama sakandare ta can, yanzu tana son zana jarrabawar Turanci ta C1 Advanced ta Cambridge, matakin da ke gaba da B2, nan da wata 7. Nahawunta ba laifi. Amma da ta buɗe baki sai ka ji "make a photo", "depend from", ko "eventually I will come" alhali nufinta wataƙila ta zo. Ita a ganinta magani shi ne ta haddace karin magana 500. Awa 2 muke da su a mako. Da me za a fara, kuma kalma nawa a rana?

Malamar Harsuna:
Wa alaikumus salam, Malam. A jingine maganar karin magana 500 tukuna. Duk misalan da ka kawo ciwo ɗaya ne: Polanci na kwance a ƙarƙashin Turancinta.

Fara da kalmomin da suka yi kama, don kama da wane ba ta wane. Ewentualnie a Polanci "in ta kama" ne, eventually kuwa "daga ƙarshe". Aktualnie "a halin yanzu" ne, ba actually ba. Sympatyczny mutum ne mai daɗin zama, sympathetic mai tausayawa. Pensja albashi ne, pension kuɗin fansho. Konsekwentny shi ne consistent, ba consequent ba. Ordynarny kuwa mara kunya ne mai ɗanyen baki, shi ya sa ɗalibi kan yi turus in an kira shi ordinary. Waɗannan suna da sauƙi, jeri ɗaya na 40 zuwa 50 ya isa, mako 2 an gama.

Masu wuyar su ne waɗanda ma'anarsu ta haɗu a rabi ta rabu a rabi. Realizować projekt daidai ne a can, sai ta rubuta "realise a project" inda Bature zai ce carry out. Kontrolować kan nufi dubawa, sai ka ga "the police controlled my ticket" maimakon checked. Rezygnować z ya haifi "I resigned from sugar" maimakon gave up. Ba wanda zai kasa gane ta, shi ya sa ba mai gyara mata, kuskuren ya yi ta zama har ya yi jijiya.

Sai aikatau guda da ya rabu biyu a Turanci. Robić ya ɗauke do da make, har da take a wajen hoto, kamar yadda "yi" ɗinmu yake. Pożyczyć ya haɗa borrow da lend, tamkar aro a Hausa. A nan ƙa'ida ba ta fisshe ka, dole kowace kalma a koye ta da abokan tafiyarta. Kada ta rubuta decision ita kaɗai a littafi, ta rubuta make a decision, reach a decision, reverse a decision. Haka ƙananan kalmomin da ke bin aikatau: zależeć od ne ya ba ta "depend from", na obrazku ya ba ta "on the picture".

Ɗan Tudun Wada:
Malama ta gama magana a kan wannan, sai dai ni aikatau masu wutsiya zan sa gaba, irin su put off da carry out. Ɗan Polan yana guje musu ne don yana da mafaka: kalmomi masu asalin Latin sun yi yawa a harshensa, sai ya ɗauki tolerate saboda tolerować ya bar put up with. Sakamakon shi ne hira da aboki ta fito kamar takardar ofis.

Dabara ita ce a nuna mata harshenta ma haka yake yi, da ɗafa-goshi maimakon wutsiya. Ka rubuta mata robić a allo, ka ce ta jero 'ya'yansa: zarobić samun kuɗi, przerobić sake fasali, odrobić cike aikin da ake binka. Ita da kanta za ta ga ma'ana ta yi nisa da tushe, kuma ba ta taɓa jin nauyin haka ba. Daga nan a haɗa: wy- yakan dace da out, prze- da through ko over, od- da off ko away. Odłożyć ma put off ne sak. Ba kullum yake dacewa ba, amma yana cire tsoro. A koyar da su ta wutsiya, mako guda out, mako guda off, guda 8 zuwa 10. Koyar da get da 'ya'yansa 20 a zama ɗaya rikita ɗalibi kawai yake yi.

Kuma jarrabawar tana tambayarsu kai tsaye. A kashi na 4 na takardar karatu da amfani da harshe akwai tambaya 6, kowace maki 2, za a ba ta jimla da kalma ɗaya, ta sake gina jimlar da kalma 3 zuwa 6 ba tare da ta taɓa kalmar ba. A ce an ba ta OFF da jimlar ɗage taro, amsa "has been put off". Wanda postpone kaɗai ya sani ya rasa makin.

Mai Lissafi:
Batun adadi. Jerin Oxford 5000 ya ƙara kalma 2,000 a kan Oxford 3000, na matakin B2 da C1, shi ne ma'auninta. Katin bitar kalma 10 a rana har wata 7 ya ba da kusan 2,100. Ta yi amfani da Anki, manhajar katunan bita, amma ta rage saitin farko na kati 20 sabo a rana, don 20 kan kai mutum ga bitar kusan kati 200 kullum, a mako na 3 ko na 4 ake gudu. Ba baƙon abu ba ne a wurin 'yan Polan, fiszki suke kiran katunan, kuma ɗan ƙasarsu Piotr Woźniak na birnin Poznań ne ya ƙirƙiro manhajar SuperMemo a 1987, wanda Anki ya ɗauko lissafin tazarar bitarsa daga gare shi.

Inda ake ɓata aiki shi ne tsarin katin. In gaba Turanci ne baya Polanci, ganewa kawai take koya. A sa jimla cikakkiya mai giɓi a gaba: "The talks ___ down after two days", baya broke. Jimlar ta fito daga abin da ta karanta da kanta. Awa 2 ɗinku kuma kada su tafi a bitar kati, na gida ne. A aji ta yi magana minti 3 a kan batu, dole ta sa 5 daga katunan makon.

Baƙon Lublin:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. To karin maganar fa, a watsar gaba ɗaya?

Malamar Harsuna:
A'a Malam, a raba su biyu. Na ganewa da yawa, na faɗa kaɗan, kamar 60 zuwa 80. Raining cats and dogs na littafi ne, da wuya ka ji shi a bakin mutane. Masu aiki su ne marasa ado: on the fence, cut corners, a grey area, in the long run.

Haɗarin shi ne inda harsunan biyu ke da ma'ana ɗaya da hoto dabam. Ɗan Polan "riƙe babban yatsa" yake yi wajen fatan alheri, trzymam kciuki, Bature kuwa fingers crossed. Abu mai sauƙi a can burodi da man shanu ne, bułka z masłem, in ta fassara ya zama bread and butter ta koma maganar hanyar cin abinci, ba piece of cake ba. Su allura suke mayarwa cokali mai yatsu na tattara ciyawa, z igły widły, mu mu mai da ita garma, Bature ya mai da tudun ƙasa dutse. Irin waɗannan a rubuta su bibbiyu a kati guda, a ja layi ƙarƙashin sunan da ya canza. Kuma a sa ido kan a da the a cikinsu, tunda Polanci ba shi da su: "in long run" ko "on fence" kuskure ne a takarda, ko da ma'anar ta fito.