Kwancin cuta ko ƙyanƙyasa?

1. Jama'a, ina neman Hausar abin da likitoci ke cewa incubation period, wato kwanakin da ke tsakanin shigar ƙwayar cuta jiki da fitowar alamarta ta farko. Na ji wani a rediyo ya ce "lokacin ƙyanƙyasa", kunnena bai karɓa ba.

2. Ƙyanƙyasa ranar da ƙwai ya fashe ce. Mu kuwa kwanakin da kaza ke zaune a kan ƙwai muke nufi, kuma Bahaushe ya daɗe da ba su suna: kwanci. Don haka na kawo "kwancin cuta".

3. Abin da ya ƙara ja na shi ne lissafi. Kaza kwana 21 take kwanci. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, kwancinsa kan kai kwana 21. Ebola ma haka. Shi ya sa a 2014 sai da Najeriya ta cika kwana 42 ba sabon kamu, kwanci biyu ke nan, kafin a ce ta rabu da ita.

4. Wani dattijo ya ce, "Ɗan nan, me ya hana kwanton ɓauna?" Baba, Allah ya ƙara girma, kalmarka ta fi tawa daɗin faɗi. Sai dai mai kwanton ɓauna laɓewa yake yi, ba ya ƙaruwa. Ita ƙwayar hayayyafa take yi, kamar ɗan tsako da ke girma a cikin ɓawo alhali daga waje ba ka ganin komai.

5. Wata ma'aikaciyar jinya ta yi gyaran da na karɓa hannu biyu. Ta ce kada kalmar ta sa a zaci duk wanda bai nuna alama ba ba ya yaɗawa. Mai Ebola sai alamu sun fito yake harba wa wani, amma yaro mai ƙyanda yana yaɗa ta tun kwana 4 kafin ƙuraje su feso. Na gode, Anti.

6. Inda kalmar za ta fi aiki a wurina shi ne cizon mahaukacin kare. Kwancinsa yawanci wata 2 zuwa 3 ne. Wurin cizon ya warke, an manta, ana cewa an auna arziki, ashe ƙwayar tana bin jijiya zuwa ƙwaƙwalwa. A wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a nufi asibiti ranar, domin allurar rigakafi cikin kwancin take aiki. In alamar cutar, wato tsoron ruwa, ta bayyana, da wuya a tsira.

7. Ita ma ƙyanƙyasa ba mu yar da ita ba, mun mayar da ita gurbinta. Sai a ce wa uwa, "Hajiya, cutar tana kwanci, a yi masa allura kafin ta ƙyanƙyashe." Mutanen Damagaram da Maradi, ku ma kwanci kuke cewa na kaza?