An maido ni daga iyakar Kanada kan ɗan kuskuren 2019

Ɗan Buffalo: Jama'a, wariya ce zalla. Na ɗauko iyali daga Buffalo ta Amurka za mu ɗaurin aure Toronto, jami'in kan iyaka ya karɓi fasfo, ya ɗan latsa kwamfuta, ya ce in faka gefe. Ƙarshenta juyowa muka yi, goro da alawa na cikin but. Wai saboda ɗan kuskuren da na yi a 2019, alhali tuni na biya tara. Da Bature ne, wallahi da ya wuce.

Hajiya Babba: Subhanallahi. Wane irin kuskure ne, ƙanena?

Ɗan Buffalo: Da dare aka tsayar da ni, aka ce in hura wata na'ura, ta nuna abin da ta nuna.

Malam: Ka fito fili mana, tuƙi cikin maye. Kuskure shi ne ka sa takalmin wani a ƙofar masallaci. Kwalba ba ta buɗe kanta.

Mai Tasi: Haba Malam, ba wa'azi ya zo nema ba. Ɗan Adam ajizi ne, duk saɓo ai kuskure ne.

Malam: Akwai kuskure, akwai ganganci. Koma makaranta.

Ɗalibar Lauya: Yaya, ba fata suka duba ba. Kanada na ganin bayanan laifukan Amurka, kuma da ma'aunin dokarta take auna laifin, ba na jihar da aka kama ka ba. Tun 18 ga Disamba 2018 hukuncin tuƙi cikin maye a can yana iya kai shekara 10, ya shiga sahun manyan laifuka. Naka na 2019 ne, don haka zaman jira ba zai goge shi ba. Ko dai ka nemi izinin shiga na wucin gadi, TRP, ko in an cika shekara 5 da gama hukuncin ka cike takardar neman a wanke ka. Kada ka kuskura ka ɓoye, ƙarya kaɗai haramcin shekara 5 ce.

Mai Tasi: Shi George W. Bush ɗin, tsohon shugaban Amurka, da aka kama da irin wannan a Maine a 1976, wa ya hana shi mulki? Nasa ne kuskure, na ɗan'uwanmu ganganci?

Malam: Bush ne limaminka?

Mai Tasi: Gara shi da mai riƙe kuɗin gyaran masallaci tun bara ba lissafi.

Malam: Ka kawo shaida ko ka janye.

Hajiya Babba: Ni dai goron nake ji. An ɗaura auren kuwa?

Shugaban Zaure: Na rufe maganar. Abin da aka tsayar: kowa ya yarda ganganci ne, kamar yadda Malam ya yi bayani da hujja. 'Yarmu ta kawo wasu dokoki, mai so ya hau sama ya karanta. Mai Tasi, ka ba Malam haƙuri kafin Magariba ko in cire ka.

Ɗan Buffalo: To batun wariyar fa?