Yadda za a koya wa yara tarihin Janar Murtala

A wata majalisar malaman makaranta da dattawa a unguwar Kurawa cikin birnin Kano, an tattauna yadda ya kamata a gaya wa yara tarihin Janar Murtala Ramat Muhammad. Yawanci sun ce kada a tsaya kan hotonsa na jikin naira ashirin da watanni shida na mulkinsa. A faro daga haihuwarsa a Kano a 1938, karatunsa a Kwalejin Barewa da makarantar horar da hafsoshin soja ta Sandhurst a Ingila, sannan yaƙin basasa.

Nan aka daɗe. Shi ya jagoranci Runduna ta 2 da ta ƙwato birnin Benin daga hannun sojojin Biyafara a 1967, amma ya dage sai an tsallaka Kogin Neja zuwa Onitsha da jiragen ruwa, aka yi asarar sojoji masu yawa. Wani dattijo ya ce, "Malamai, ku faɗi kisan fararen hula da sojojin rundunarsa suka yi a Asaba, kada ku ɓoye." Ina tare da shi ƙwarai.

Wasu kuma suka ce a nuna wa yara cewa wannan zafin nama nasa ne ya sa ya ƙara jihohi zuwa 19, ya yanke shawarar mayar da babban birni Abuja, kafin a kashe shi a Legas ranar 13 ga Fabrairu, 1976.