Wai firiz aikin malalata ne?

Sarkin Bit: Salamu alaikum 'yan uwa. Wallahi raina a ɓace yake. Wani da muke aiki tare ya turo min furojet ɗin waƙa in ƙarasa, ashe duk tirak ɗin kiɗan, wato layukan sautinsa, ya yi musu firiz, ya daskarar da su a manhajar haɗa kiɗa. Mawaƙin ya ce a sauke ki (key) ɗin kiɗan ƙasa kaɗan, ya yi masa sama, muryarsa ba ta kaiwa. Ina cire firiz ɗin sai tirak ya yi tsit, fulogin ɗin da ya yi aiki da shi, wato ƙaramar manhajar da ke fitar da sautin, babu shi a kwamfutata. Na kira shi, waya a kashe. Ni dai na faɗa kuma ba zan janye ba: firiz aikin malalata ne. Wanda ya san aikinsa renda yake yi, wato ya mayar da kiɗan fayil ɗin sauti na WAV, ya miƙa wa mutum abu gamamme.

Ɗan Ableton: Wa alaikumus salam. Oga, su waye malalatan? Faɗa mana sunansu.

Sarkin Bit: Duk wanda ya tsargu da shi nake.

Ɗan Ableton: To na tsargu. Kullum sai na yi firiz, kuma sau da yawa asuba a kan aiki take riskata. Kai da ka kasa buɗe furojet ɗaya ne za ka kira ni malalaci?

Anti Mai Kibod: Ku tsaya, ƙannena. Sarkin Bit, ka sake duba abin da ka rubuta. Ka ce mawaƙin yana so a sauke kiɗan. Da abokin naka renda ya yi maka, da me za ka sauke? WAV kawai ke hannunka, babu MIDI, wato bayanan notocin kiɗan da ake iya canzawa, sai dai ka ja sautin da ƙarfi ya ɗan canja kama. Firiz shi ma rendar ce, ta wucin gadi: manhaja tana naɗe sautin tirak ɗin a fayil, ta dakatar da fulogin don furosesa ta huta, amma ta ajiye maka MIDI da saitin komai, ranar da kake so ka dawo. Matsalarka rashin fulogin ce. Tunda MIDI ɗin yana nan, ɗora masa wani sauti mai kama da na farko ka sauke kiɗan.

Baban Sutudiyo: Ni kalmar lalaci ce ta tsaya min. A ganina ba ƙarya ya yi ba. Yaran yanzu ba sa iya yanke hukunci. Mu da muka fara da na'urar tef, in ka naɗa ka naɗa ke nan. Yanzu yaro zai bar ƙofa a buɗe, yau ya cire firiz ya taɓa, gobe ya sake taɓawa, waƙa ta shekara ba ta fita ba.

Ɗan Ableton: Baba, da girmanka, wannan ai ba lalaci ba ne. Malalaci ba ya komawa aiki sau goma. In za ka zarge mu, ka ce muna da ƙaƙale.

Baban Sutudiyo: Lalacin zuciya ne. Tsoron yanke hukunci.

Kwamandan FL: Ni dariya ma kuke ba ni. Mu masu aiki da manhajar FL Studio ba mu san wannan rigimar ba. Tun da FL Studio 20 ya fito a 2018 muke da Consolidate, ka zaɓi abin da kake so ya koma odiyo, na asalin ya yi shiru a gefe. Shi ke nan.

Ɗan Ableton: Ai wannan renda ce aka sa mata wata riga. Ba ku da firiz na gaskiya, shi ya sa ba ku san daɗinsa ba.

Kwamandan FL: Amma waƙoƙin da ake ji a ko'ina da me ake yin su? Kashi casa'in da FL ne.

Ɗan Ableton: Wa ya ƙirga?

Kwamandan FL: Kowa ya sani.

Injiniya: Bari in faɗi nawa a matsayin wanda ake turo wa aiki ya yi miksin, wato ya daidaita sautukan. Ni ba na karɓar furojet mai firiz. Ka fitar min da kowane tirak a WAV, 24 bit, duk su fara daga daƙiƙa ɗaya, ka bar wutsiyar ribab, wato amon da ke biyo bayan sauti, ta ƙare kafin ka yanke. Dalilina ba lalacin kowa ba ne. Firiz yana rayuwa ne a cikin manhajar da aka yi shi, na Logic ba ya buɗuwa a Pro Tools. Sannan ku tuna abin da ya faru a 2019 da macOS Catalina na kwamfutocin Apple ya daina karɓar manhajoji masu 32 bit. Manhajar Ableton ma tun fitowar Live 10 ta bar su. Mutane da yawa sun buɗe tsofaffin ayyukansu suka tarar fulogin ɗin ba ya tashi. Wanda ya ajiye WAV bai yi kuka ba.

Anti Mai Kibod: Wannan gaskiya ne, kuma bai ci karo da maganata ba. Ana cikin aiki, kwamfuta na ƙaƙarniya, firiz. An gama za a miƙa ko a adana, renda. Pro Tools ɗin da kake aiki da shi ma duka biyun ya kawo a 2015, Commit (renda) da Freeze (firiz), don kowanne da ranarsa.

Sarkin Bit: Kun ji ko? Injiniya ya goyi bayana.

Injiniya: Ban ce malalata ba fa.

Sarkin Bit: Ma'anar ɗaya ce.

Yaro Mai Koyo: Don Allah manya, tambaya gare ni. Laftof ɗina RAM 4 ne, da na ɗora fulogin biyar sai sauti ya fara kakkaryewa. Wanne zan yi?

Kwamandan FL: Sayi sabuwar kwamfuta.

Ɗan Ableton: Ka ga irin ta ko? Yanzu wannan yaron in ya yi firiz don ya samu ya ƙarasa kiɗansa, malalaci ne shi? Talauci ne lalaci? Sarkin Bit, kai da ke da babbar kwamfuta sai ka zagi marasa hali.

Sarkin Bit: Kar ka sa min magana a baki. Yaushe na ambaci talaka?

Anti Mai Kibod: Yaro, ƙara bafa tukuna, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar. In kana kan 128 mayar da shi 1024 lokacin da ba naɗar murya kake ba. Jinkirin zai tashi daga kusan milisakan 3 zuwa 23 a 44.1 kHz, amma furosesa za ta samu sarari. In bai isa ba ka yi wa mafi nauyin firiz. Ka lura dai, fayilolin suna cin wuri: Ableton a 32 bit yake ajiye su, minti ɗaya na sitiriyo a 48 kHz ya kai kusan megabait 23.

Yaro Mai Koyo: Na gode Anti, Allah ya saka da alheri.

Baban Sutudiyo: Kuma ni kunnena yana gaya min sautin renda ya fi kauri. Firiz yana sirantar da bes.

Injiniya: Baba, a nan kam ban bi ka ba. Gwaji mai sauƙi ne: ɗora biyun tare, ka juya fes ɗin ɗaya, wato ka kifar da igiyar sautinsa. In iri ɗaya ne za ka ji shiru. Inda ake samun bambanci shi ne fulogin mai motsi na kai-tsaye wanda ba ya maimaita kansa, ko wanda aka saita ya ƙara inganci lokacin renda.

Baban Sutudiyo: Ni ba na buƙatar gwaji. Kafin a haife ka nake wannan aikin.

Kwamandan FL: Sarkin Bit, tambaya ɗaya. Fulogin ɗin da ka ce babu shi, babu shi ne ko kirak ɗinka ne, wato kwafin sata, ya ƙi tashi?

Sarkin Bit: Kai ne za ka yi min maganar kirak? FL ɗin da ke kwamfutarka sunan wa yake nunawa a sama?

Kwamandan FL: Sunana. Da kuɗina na saya, kuma sabuntawa kyauta ce har abada. Ku da kuke biya duk fitowar sabo fa?

Ɗan Ableton: Ɗauko hoton mu gani.

Kwamandan FL: Ba na gida.

Sarkin Bit: Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta.

Kwamandan FL: Ka janye wannan maganar.

Anti Mai Kibod: Har yanzu ba wanda ya tambayi Sarkin Bit ko ya gwada abin da na ce masa.

Ɗan Ableton: Ba zai gwada ba Anti, ba gyara ya zo nema ba. Ni dai sai ya janye kalmar malalata.

Sarkin Bit: Ba zan janye ba.

Shugaban Zaure: To ya isa haka, jama'a. Na karanta komai daga farko, ga abin da aka tsayar. Mafi yawan masu magana sun yarda renda ita ce hanyar ƙwararru, kamar yadda Injiniya da Baba suka yi bayani, kuma su ne suka fi kowa daɗewa a harkar. Mu masu manhajar Cubase mun san haka tun 2014 da Render in Place ya zo, ni tun lokacin ban waiwayi firiz ba. Firiz dabara ce ta mai ƙaramar kwamfuta, ba laifi ya yi kafin Allah ya hore masa babba. Kalmar malalata ta ɗan yi zafi, amma Sarkin Bit cikin fushi ya faɗe ta, kuma an cuce shi, sai a yi masa uzuri. Anti ta kawo lissafi mai amfani ga masu koyo, mun gode. Ɗan Ableton, kai ka ja maganar ta yi tsawo, a kiyaye gaba. Maganar kirak kuma an hana ta a nan tun tuni, wanda ya sake tayar da ita zan cire shi.

Anti Mai Kibod: Shugaba, ba haka Injiniya ya ce ba. Cewa ya yi in za a miƙa aiki.

Shugaban Zaure: Anti, a yi haƙuri, na rufe wannan maganar.